Lambu A Cikin Zafin Bazara

Shekara a ƙasar Hausa ta kasu kashi huɗu, watau damina, da kaka, da hunturu, da bazara. Kowane lokaci da irin aikinsa, da kuma irin wahalarsa. Amma in kun tambayi masu lambu wane lokaci ne ya fi ba su tsoro, za su ce muku bazara. Bazara ita ce ƙarshen rani, tun daga watan Maris har zuwa saukar damina. A lokacin nan sanyi ya wuce, hazo ya yaye, rijiyoyi sun ja baya, ruwan sama kuwa bai zauna ba tukuna. Lambun da aka yi wata huɗu ana wahala a kansa yana iya ƙonewa cikin kwana uku ko huɗu in aka yi sakaci. In ya ƙone, an yi hasarar iri da taki da gumi, gida kuma ya rasa kayan miya a daidai lokacin da suka fi tsada a kasuwa.

A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, cikin watan Afrilu, ma'aunin zafi yakan kai digiri 40 da rana, yakan ma wuce. Jikin mutum mai lafiya kuwa digiri 37 ne, kun ga ke nan iskar da ke kewaye da mu ta fi jikinmu zafi. A garin Kayes na ƙasar Mali, ran 3 ga Afrilu 2024, zafi ya kai digiri 48.5. Wannan awo duka a inuwa ake yinsa. Ƙasar da ke fili tsirara, wadda rana ke duka, tana iya kai wa digiri 60, shi ya sa ba a iya taka ta ba takalmi da azahar.

Dalilin zafin nan shi ne, a wannan lokaci rana tana tsayawa daidai bisa kanmu, ga shi kuwa babu gajimare da zai tare ta. A Kano, wajen 21 ga Afrilu, in yaro ya tsaya a fili da tsakar rana, zai ga inuwarsa ta taru a ƙarƙashin ƙafafunsa. Har wa yau masana sun tabbatar duniya tana ƙara ɗumi, saboda haka irin wannan matsanancin zafi ya fi yawan zuwa yanzu bisa ga zamanin kakanninmu. Ya wajaba ke nan kowane yaro ya san yadda ake tsare lambun gida da na makaranta.

Abin da zafi ke yi wa tsiro

Kafin a yi magani, sai an san cuta. Ku dubi randar da ke ɗakin mahaifiyarku. Me ya sa ruwanta ke da sanyi, alhali na bokitin ƙarfe yana da ɗumi? Jikin randa yana da ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu kaɗan kaɗan, iska ta busar da shi, in yana bushewa kuwa sai ya tafi da zafi. Haka gumi yake sanyaya jikin mutum.

To, tsiro ma haka yake yi. A jikin ganye, musamman ta ƙarƙashinsa, akwai dubban ƙananan kafofi waɗanda ba a ganinsu sai da madubin nan mai ƙara girman abu. Saiwa tana tsotso ruwa daga ƙasa, ruwan ya hau ta cikin kara, ya isa ganye, ya fita ta kafofin nan ya zama tururi. Da haka ganye yake sanyaya kansa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da tsiro ya sha ta wannan hanya yake fita.

In zafi ya tsananta, ruwa yana fita daga ganye da sauri fiye da yadda saiwa take iya kawo shi. Sai tsiron ya rufe kafofinsa don kada ya bushe. Amma ta kafofin nan ne yake shaƙar iskar da yake haɗawa da ruwa da hasken rana ya yi abincinsa. Da ya rufe su, girma ya tsaya, ganye kuma ya ƙara zafi. In abin ya daɗe, sai ganye ya yi yaushi, bakinsa ya ƙone, fure ya zube, daga nan tsiro ya mutu.

Saboda haka aikin mai lambu da bazara uku ne: ya kai ruwa ga saiwa, ya hana ruwan da ya zuba gudu, ya kuma rage wa ganye dukan rana da na iska.

Ban ruwa

Lokacin da ya fi kyau a ba lambu ruwa shi ne da sassafe, tun daga asuba zuwa fitowar rana. A lokacin ƙasa tana da sanyi, iska ta kwanta, ruwa zai nutse ya isa saiwa, tsiro ya sha ya ƙoshi kafin rana ta yi ƙarfi. Wanda bai sami dama da safe ba, sai ya jira bayan la'asar. Ruwan da aka zuba da tsakar rana, da yawa daga cikinsa yakan bi iska tun bai nutse ba. Amma in kun tarar da tsiro yana bakin mutuwa da azahar, kada ku ce sai yamma, ku ba shi nan take a gindinsa.

A gindi ake zuba ruwa, a hankali, gama saiwa ce bakin tsiro. Kuma gara a ba shi da yawa ya jiƙe har can ƙasa da a riƙa yayyafa masa kaɗan kaɗan. Saiwa tana bin laima. In saman ƙasa kaɗai ke jiƙewa, sai saiwoyi su taru a sama inda zafi ya fi yawa, ran da aka yi fashi ɗaya sai su ƙone. In kuwa ruwa yana nutsewa, saiwoyi za su bi shi can ƙasa inda akwai sanyi.

Ruwa nawa ya isa? Ga lissafi mai sauƙi. Da tsananin bazara, wuri mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 wanda shuka ta rufe yana iya rasa wajen lita 8 na ruwa kowace rana. In fangalinku yana da faɗin mita 1 da tsawon mita 5, sai ku ce 8 sau 5, watau lita 40. Ke nan bokiti 4 kowace rana, in bokitin yana cin lita 10. Ƙasa mai rairayi ba ta riƙe ruwa, don haka akan raba mata nata kashi biyu, safe da yamma. Ƙasar fadama mai laka kuwa tana riƙe ruwa, ana iya ba ta da yawa a tsallake kwana ɗaya ko biyu. Latas da albasa saiwarsu gajera ce, suna son ruwa a kai a kai. Kuɓewa da tumatir saiwarsu tana nisa, sun fi su jimiri.

Kada ku dogara da ido kaɗai. Ku cusa ɗan yatsa cikin ƙasa har ya nutse duka. In kun ji laima a kan yatsan, tsiro yana da abin sha. In kun ji ƙasa a bushe, ku kawo ruwa. Ku sani kuma masu faɗin ganye, kamar kabewa, sukan yi yaushi da rana ko da akwai laima, da yamma su miƙe. Wannan ba abin tsoro ba ne. Wanda kuka tarar da yaushi da sassafe shi ne mai ƙishirwa ta gaske. Yawan ruwa ma cuta ne, gama saiwa tana bukatar iska, in ruwa ya kwanta mata kullum sai ta ruɓe.

Masu lambun fadama sun daɗe da sanin wata dabara. Da damina kunya suke yi, su shuka a bisa, don ruwa ya wuce. Da rani kuwa fangali suke yi, mai ɗan zurfi, da ɗan tudu kewaye, don ruwa ya tsaya ya nutse inda ake sonsa. Ku yi koyi da su. In kuma da tiyo kuke ban ruwa, ku tuna tiyon da ya yini a rana ruwan cikinsa yana da zafi ƙwarai. Ku tara na farkon a bokiti ya huce tukuna.

Lulluɓe ƙasa

Wanda ya zuba ruwa ya bar ƙasa tsirara, kamar wanda ya cika tulu ne ya bar shi a rana ba marfi. Maganin wannan shi ne a lulluɓe ƙasa. Abin lulluɓin kuwa ba sai an saya ba: busasshiyar ciyawa, ko bunun tsohuwar jinka, ko ɓawon gyaɗa, ko ƙaiƙayi, ko buntun shinkafa, ko busasshen ganye, ko karan gero da aka sassara.

Da farko a cire ciyayin da suka tsiro cikin fangali, gama su ma ruwa suke sha. Sa'an nan a ba ƙasa ruwa sosai, a shimfiɗa lulluɓin a kai, kaurinsa ya kai faɗin yatsu huɗu, watau wajen santimita 7. A bar ɗan fili kewaye da karan tsiro, kada lulluɓin ya manne masa ya ruɓar da shi. In wurin yana da iska, a danne da 'yan sanduna.

Amfanin lulluɓi huɗu ne. Yana hana laima gudu, yana sanyaya ƙasa, yana hana ciyawa tsirowa, in ya ruɓe kuma ya zama taki. Gara takan zo ta ci shi. Wannan ba hasara ce duka ba, gama ramukan da take haƙawa suna taimakon ruwa ya nutse. Sai dai a riƙa dubawa kada ta kama gindin ƙananan itatuwa, a kuma ƙara lulluɓi in ya yi ƙasa. A ɗaga shi da sanda, kada a cusa hannu, saboda kunama tana son wuri mai sanyi.

Inuwa da shinge

Zafin da ya fi ɓarna shi ne na tsakanin azahar da la'asar. Tsiro yana son ranar safe, ita ce yake aiki da ita, ranar yamma kuwa ita ke gasa shi. Saboda haka akan kafa 'yar rumfa bisa fangali, tsayinta kamar mita 1 ko fiye kaɗan, don iska ta riƙa wucewa ta ƙarƙashi. A jera kara ko ciyawa a sama jefi jefi, yadda rabin hasken zai shiga, rabi ya tsaya. Kada a rufe ruf, gama tsiron da bai ga rana ba yakan yi tsawo siriri, ganyensa ya yi fari, ba ƙarfi. Tsohon gidan sauro ko tsohon buhu ma yana yin wannan aiki. In an jingina zana ta yamma da fangali, za ta tare ranar la'asar. Wurin renon iri da sabon dashe su suka fi bukatar rumfa.

Iska mai zafi kuwa tana busar da ganye kamar yadda take busar da wanki a igiya. Da rani yawanci daga gabas da arewa take busowa, don haka ta can ya kamata a ƙarfafa darni. Shinge yana kare wuri mai nisan kamar tsayinsa sau goma a bayansa. Wanda ke da 'yan kafofi, kamar darnin kara, ya fi katanga aiki, gama yana rage ƙarfin iska a hankali, katanga kuwa iska takan tsallake ta ta faɗo da ƙarfi a bayanta. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta ƙasar Nijar, tun 1975 aka fara dasa darbejiya layi bibbiyu, da tazarar mita 100 tsakani, don tare iska, amfanin gonakin da ke tsakanin layukan kuwa ya ƙaru. A ɗan lambun makaranta, layin zogale ya isa, ga shinge ga ganyen miya.

Darni yana da wani amfani kuma. Da bazara daji ya bushe ƙurmus, lambu kaɗai ne kore a unguwa. Akuya ɗaya in ta sami kafa tana iya cinye aikin wata guda kafin a tashi daga aji, kaji kuma su tone lulluɓi suna neman sanyi. Ku riƙa zaga shinge kowace safiya, ku toshe inda ya ɓalle.

Tulu a cikin ƙasa

Akwai wata tsohuwar dabara wadda mutanen ƙasar Sin suka rubuta labarinta fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A sami tulu na yumɓu, wanda ba a shafa wa fenti ko siminti ba. A haƙa rami a tsakiyar fangali, a binne shi har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa da marfi don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Sai a shuka tumatir ko barkono ko kankana kewaye da shi, nisan taƙi ɗaya ko biyu.

Ruwa zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun, daidai inda saiwa take. In ƙasa ta bushe, sai ta ja ruwa da yawa. In tana da laima, sai tsattsafowar ta ragu. Saiwoyi kuwa sukan zo su nannaɗe tulun. Mai lambu sai ya riƙa leƙawa bayan kwana biyu ko uku, ya cika. Wanda ba shi da tulu, ya sami gorar roba, ya huda mata ƙananan kafofi da allura ta wajen gindi, ya binne ta kusa da tsiro.

Kowane iri da lokacinsa

Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane. Tsare lambu daga zafi yana farawa tun ran da aka zaɓi iri. Latas da kabeji da karas da tumatir 'yan hunturu ne. In zafi ya kama latas, sai ya yi tsiri ya fid da fure, ganyensa ya yi ɗaci. Tumatir kuwa, in zafin rana ya wuce digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin furensa yakan lalace, furen ya zube bai ɗaure 'ya'ya ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa manoman Kadawa da Kura, masu shan ruwan madatsar Tiga wadda aka gama ginawa a 1974, suke dasa tumatirinsu da sanyi. Yana kuma cikin dalilan da suke sa tumatir tsada a ƙarshen bazara da farkon damina.

Waɗansu kuwa ba su damu da zafi ba muddin akwai ruwa. Cikinsu akwai kuɓewa, da alayyafo, da rama, da yakuwa, da lalo, da kankana, da zogale. Mai hankali yakan cika lambunsa da 'yan hunturu daga Nuwamba, in sun ƙare wajen Maris ya maye gurbinsu da masu jimirin zafi. Da haka lambu ba ya zama fayau.

Abubuwan da ba a yi da tsananin zafi

Ba a zuba takin zamani a busasshiyar ƙasa, gama kamar gishiri yake, yana janye ruwa daga saiwa ya ƙone ta. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu ma yana da zafi, sai wanda ya ruɓe ya huce. Ba a yi wa tumatir da tattasai aski, gama ganye shi ne laimar 'ya'yansu, in an cire shi rana takan ƙona gefen 'ya'yan ya yi fari ya ruɓe. Ba a dashe da rana, sai da yamma liƙis, a ba ruwa nan take, a yi wa dashen inuwa kwana uku ko huɗu. Ba a noma mai zurfi kusa da gindi, gama yana yanke saiwa, yana kuma tono laima a fili. Ba a barin tumatir ya bushe ƙayau sa'an nan a malala masa ruwa, wannan yana sa 'ya'yan su tsage, ko gindinsu ya yi baƙi.

Ƙwari kuma sukan yi yawa da zafi. Cikin bazarar 2016 wata 'yar tsutsa mai shiga cikin ganye, wadda manoma suke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir masu yawa a jihohin Kano da Kaduna, har tumatir ya yi wuyar samu a kasuwannin Nijeriya. Ku riƙa juya ganye kuna duba ƙarƙashinsa. In kun ga ƙwari ko zane-zane a jikinsa, ku gaya wa malaminku ko malamin gona. Yaro ba ya taɓa maganin feshi.

Ciyawar fili

A waɗansu makarantu da gidaje akan dasa ciyawa a fili don ado, da hana ƙura, da wurin wasa. Wadda ta fi dacewa da ƙasarmu ita ce kiri-kiri, mai yaɗo a bisa ƙasa da ƙarƙashinta. In zafi ya yi yawa ruwa ya yanke, sai ta koma ruwan ƙasa kamar ta mutu. Sau da yawa kuwa barci take yi, gindinta da saiwarta suna nan da rai, da damina ta sauka sai ta farfaɗo. In kuna so ku gane, ku kama 'yar kaɗan ku ja. In ta riƙe ƙasa, gindinta kuma yana da fari da ƙarfi, tana da rai. In ta tuge ba wuya, wurin ya mutu, sai a sake dasawa da damina.

Wanda yake da ruwa, yana kuma son ciyawarsa ta zauna kore, ya ba ta da sassafe sau biyu ko uku a mako, ruwan ya nutse kamar santimita 15. Alamar ƙishirwarta ita ce, in an taka ta sawun ya zauna bai tashi ba. Wajen yanka, kada a aske ta ƙwal. A bar ta da tsawon kamar santimita 5, don ta yi wa gindinta inuwa, kada kuma a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda. A wasa lauje ko injin yanka ya yi kaifi, gama dakusasshe yana yayyaga ganye ya bushe. Abin da aka yanke a bar shi nan ya zama lulluɓi. Ciyawar da ke barci ba a ba ta taki, ba a yawan tattaka ta, ba a kuma sa mata wuta.

In ruwa ya yi ƙaranci

Wani lokaci rijiya takan ja baya, famfo ya ɗauke, ruwan da ke akwai ba zai ishi kome da kome ba. A nan sai a yi zaɓe. Mutane da dabbobi su ne farko. Bayansu sai ƙananan itatuwa da aka dasa bara ko bana, kamar mangwaro da gwaiba da lemo, gama in sun mutu an yi hasarar shekaru. A yi wa kowanne ɗan kwari kewaye da gindi, a zuba bokiti biyu sau biyu a mako, a lulluɓe. Sai wurin renon iri, sai kayan miya masu fure da 'ya'ya. Ciyawar fili ita ce ta ƙarshe.

Lissafi zai nuna muku dalili. Filin ƙwallo mai tsawon mita 100 da faɗin mita 60, in za a ba kowace mita ko da lita 5 ne, zai sha lita 30,000 a rana ɗaya, watau bokiti 3,000. Ruwan nan zai ishi fangali 750 irin wanda muka lissafa a baya. Gara fangali biyar masu rai da goma masu yaushi, don haka in ruwa ya kasa, a rage faɗin lambu, a kula da abin da ya saura sosai.

Kada kuma a zubar da ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi, ko ruwan alwala. A tara a bokiti a kai lambu a ranar. Amma ruwan wanki mai omo ko bilic ba a zuba wa kayan miya, ruwan kwata kuwa yana ɗauke da cuta.

Abin da aka tsinka da mai tsinkar

Kayan lambu da sassafe ake tsinkarsu, a kai su inuwa nan da nan. Wani malami a jihar Jigawa, Malam Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan miyan da aka sa a ciki sukan yi kwanaki da yawa ba su lalace ba. Saboda wannan aiki aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. In kun lura, asirin randa ne da na ganye ya yi aiki da shi.

Mai lambu kuma ya fi lambu daraja. Ku yi aikinku da sanyin safiya ko da yamma, ku sa malafa, ku sha ruwa tun ba ku ji ƙishirwa ba. In wani ya ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa, a kira babba. In ya ruɗe ko ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a ci gaba da jiƙa shi, a gaggauta kai shi asibiti.

Daga ƙarshe, ku yi hankali da ruwan farko. Wajen ƙarshen bazara hadari yakan taso da iska mai ƙarfi, don haka a ƙara ɗaure rumfa da darni. Ruwan da zai biyo baya sau da yawa saman ƙasa kaɗai yake jiƙawa, a kuma yi mako biyu ba wani. Kada ku ajiye bokiti don kun ji ƙamshin ƙasa. Ku cusa yatsa ku gwada, ku ci gaba da ban ruwa har damina ta zauna sosai.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin ƙarfe sanyi? Ta wace hanya ganye ya yi kama da randa?
2. Wane lokaci ya fi kyau a ba lambu ruwa, don me?
3. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10, bokiti nawa mai cin lita 10 zai sha a rana da tsananin bazara?
4. Faɗi amfanin lulluɓe ƙasa guda huɗu.
5. Kawo sunayen kayan lambu huɗu 'yan hunturu, da huɗu masu jimirin zafi.
6. In ruwa ya yi ƙaranci, wa za a fara ba, wa za a bari ƙarshe?

Aikin yi

Ku sami farar leda wadda ake ganin cikinta, ku sa reshe mai ganye a ciki tun yana jikin itacensa, ku ɗaure bakin da zare da safe. Ku koma bayan awa biyu ku duba abin da ya taru a ledar, sa'an nan ku kwance ta.

Ku cika gwangwani biyu da ƙasa iri ɗaya, ku zuba musu ruwa daidai wa daida. Ku lulluɓe ɗaya da ɓawon gyaɗa, ku bar ɗaya a buɗe, ku ajiye su a rana. Kowace safiya ku gwada su da yatsa, ku rubuta a littafinku wanda ya riga bushewa, da yawan kwanakin da kowanne ya yi.